Gida Ashirin Na Ba Sunan Kawuna

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da ranar da na mai da kawuna macuci a gaban jama'ar Gadarif.

Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a wani ofishin aikin gona. Makaranta ban gama ba, a aji biyu na sakandare na tsaya. Amma da aka ce a aika mutum ɗaya Khartum ya koyo harshen kwamfuta, ni aka aika, don masu digiri sun ce aikin akawu ne, ya yi musu kaɗan. (Yau su ne manya a ofisoshi masu sanyi. Ni ina nan inda suka bar ni.) Wata uku na yi ina koyon harshen, sunansa Kobol. Injin kansa ɗaki guda ya cinye, sau biyu kacal na gan shi, ta gilashi. Namu aikin shi ne mu rubuta umarni a takarda mai gida-gida, kowane harafi da gidansa, a sa a mota zuwa Khartum, a huda a kati, a ba injin. Bayan mako biyu amsa ta dawo.

Da na dawo gida, har tafiyata ta sake. A kasuwa ana ce mini Ustaz Kwamfuta, ni kuwa ina amsawa.

Shekarar nan aka buɗe rabon sababbin filayen noma kudu da Ƙala'at an-Nahal. Doka ɗaya ce: mutum ɗaya, fili ɗaya. Wanda aka kama ya rubuta sunansa sau biyu, a soke shi gaba ɗaya. Mudir, wato shugaban ofishinmu, ya ce in sa inji ya kamo masu yin haka.

To ga inda na tafka ta. Katin nan gida tamanin gare shi, ba ƙari. Dole lamba ta shiga, ƙauye ya shiga, girman fili ya shiga. Na duba, na ce suna, gida ashirin ya ishe shi. Sitt Awadiya mai buga tafireta, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba, ta leƙo takardata.

"Ya waladi, ɗana, ashirin? A ƙasar da kowa ke da suna huɗu, nasa da na uba da na kaka da na uban kaka?"

Na ce, "Hajiya, wannan ba tafireta ba ce."

Ta ce, "Tamam, shi ke nan," ta koma kujerarta.

Halin Kobol kuwa, in ka zuba masa rubutu mai tsawo a gurbi gajere, ba ya kuka, ba ya tambaya. Sai ya ɗauki na gaba, ya datse wutsiyar ya yar, ya ci gaba kamar ba abin da ya faru. An koya mana wannan a mako na biyu. Na ma rubuta shi a littafina, na ja masa layi.

Kuma ni ɗan unguwar Hausawa ne fa. Na fi kowa sanin yadda muke raɗa suna: ɗan fari Muhammad, na biyu Abubakar, jika ya ci sunan kaka, haka ake ta juyawa tun kakanninmu suka yada zango a nan a hanyar Makka. Sai ka kai suna na uku ko na huɗu kafin ka bambance mutum da maƙwabcinsa.

Amsa ta iso a ɗaure. Ban buɗe ba. Ina so mudir ya kwance ta da hannunsa a gaban mutane, a ga ba hannun ɗan Adam a ciki.

Ranar karatu, da hantsi, farfajiyar ofis ta cika, har daga garin Mafaza an zo. Na sa sabuwar jallabiya da rawani na zauna kusa da mudir. Ya yabe ni, ya ce yanzu zamanin maguɗi ya ƙare. Sannan ya fara da takardar waɗanda aka soke.

"Muhammad Abubakar Mu... sau biyu. An soke."

Kawuna ya miƙe. Muhammad Abubakar Musa, yayan mahaifiyata, limamin masallacinmu, mutumin da ko goron biki ba ya ɗaukar biyu. Can baya kuma wani ya miƙe: Muhammad Abubakar Mustafa, mahauci, wanda shekara goma ba sa ga maciji da Kawu saboda wata rigimar katanga.

Kawu ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, sau ɗaya na rubuta."

Mudir ya ce, "Ya Shehu, inji ba ya ƙarya. Ya ce mutum ɗaya ne ya zo sau biyu."

Mahauci ya daka tsawa: "Ni da liman mutum ɗaya? To wallahi gobe ni zan ja Asuba, shi ya je ya feɗe akuya!"

Aka kwashe da dariya. Ni kuwa a zaune nake ina ƙirga haruffa da yatsu a ƙarƙashin tebur. Takwas, tazara, takwas, tazara, biyu. Ashirin cif.

Mudir ya ci gaba. "Muhammad Abdullahi A... sau biyar." Mutum biyar suka miƙe: jikan Adam, jikan Ahmad, jikan Ali da sauransu, har da wani makaho da ɗansa ya riƙo. Kafin a kai ƙarshen shafi, rabin unguwarmu na tsaye.

Kawu bai ɗaga murya ba. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Ɗan Hajara, kai ka rubuta wa injin?"

"Ni ne, Kawu."

"Ka gaya masa sunan kakan uwarka?"

"Bai... gurbin bai kai ba, Kawu."

"Gurbin bai kai ba," ya maimaita, ya gyaɗa kai, ya zauna. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Gyaran layi ɗaya ne. Amma sai an sake rubutawa, an kai Khartum, an jira. Kafin nan ruwa ya sauka, baƙar lakar nan tamu ta riƙe motoci, takarda ta kwana ashirin da wani abu a hanya. Lokacin da aka miƙa wa su Kawu filayensu, dawar waɗansu ta kai gwiwa. Sun shuka duk da haka. Abin da suka girba ba ya faɗuwa.

Bayan girbi Kawu ya aiko mini da dawa mudu ɗaya a ƙullin tsumma, da saƙo ta bakin mahaifiyata: wai ga rabona, in yi haƙuri, gurbin bai kai buhu ba. Na karɓa, aka yi mini tuwo da ita, na ci, don ban ga fuskar mayarwa ba.

Tun daga nan, duk abin da inji ya faɗa a kan mutane, sai na shige ɗaki na karanta ni kaɗai tukun. In wauta ce, gara ta same ni a zaune ba rawani.