Kuɗin Iri

Jama'a, jiya na sha kunya da buhu a hannu, kuma gara ku ji daga bakina kafin maƙwabta su ƙara wa zancen gishiri.

Da safe rediyo ta ce manya za su raba "kuɗin iri" a ɗakin taron wani otal. Ni kuwa ina da ɗan fili a bayan gida wanda ciyawa ta mayar nata. Uwargida ta kakkaɓe buhu ta miƙo mini, ta ce in ba a ba da kuɗi ba, in karɓo irin ko da na kuɓewa ne. Na bi layin mai har rana ta take, aka ɗiga wa babur ɗina abin da bai fi kofin shayi ba, na lallaɓa na isa.

Mai gadi ya dube ni, ya dubi buhu, ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Baba, ba irin shuka ba ne fa! Kuɗin somin bincike ne a kan illar giya ga lafiya. Turancinsu ne suka juya haka." Na ce tun da na riga na ƙona mai, sai na ga ƙarshen abin.

A kujerun baya na tarar da likitar da ke duba maƙwabcina mai walda, wanda muke kira Tartsatsi. Tartsatsi ya daɗe yana sha, ba zan rufa masa ba. Bara ya saki kwalba, amma ita ba ta sake shi ba. Idonsa ya yi rawaya, ciki ya kumbura, hannun da ke riƙe ƙarfe yanzu cokali ma rawa yake a cikinsa. Likitar nan ta tara marasa lafiya irinsa, tana so ta auna jininsu ta gano yadda hanta ke lalacewa tun ba a makara ba. Na'urar tana nan a asibiti an lulluɓe ta da zane, sinadarin awon ne babu. Ta kuma yi wa matar Tartsatsi alkawarin cewa ranar da kuɗin nan suka fito, mijinta na cikin waɗanda za a fara aunawa kyauta.

"Likita, yau dai an dace," na ce mata.

"Allah ya sa, Baba," in ji ta, ba ta ko ɗago kai ba.

Can sai ga Mai Girma Uban Kwamiti, ransa ya daɗe, ya iso ana riƙe masa waya. Ya yi jawabi mai ratsa zuciya a kan hantar talaka, har ya ciro hankici. Ya ce shi iri ba a gaggawa da shi. Kashin farko ya tafi wayar da kai, wato wannan taro da muke ciki. Kashi na biyu 'yan kwamiti za su tafi da shi ƙasar waje, su ga yadda ake shan abin a can da idonsu. Wallahi sadaukarwar bayin Allah nan ta ba ni tausayi.

Sannan aka kira likita. Aka miƙa mata cekin kwali mai girman ƙofar shago, aka ce ta yi murmushi, aka ɗauki hoto. Tana juyawa wani mai baƙar kwat ya zare kwalin daga hannunta.

"Ranka ya daɗe, na gaskiyar fa?" ta tambaye shi.

"Yana kan hanya. Wannan kuma akwai wani taron da za a yi da shi gobe."

Manya suka shige wani ɗaki a ciki aka ja musu ƙofa, wai zaman nazari. Mu kuma aka bi mu da ruwan leda. Na zauna ina huci, likita ta tattara jakarta ta koma wurin marasa lafiyarta.

Zan fita ke nan sai mai shara ta hango buhuna. "Baba, taimaka ka rage mini kayan nan, masu gwangwan za su saya." Ta cika mini shi da kwalaben da ta kwaso daga ɗakin nazari, duk an shanye su tas.

A ƙofar gida matar Tartsatsi ta tare ni, don ita ma ta ji sanarwar, ta kuma fi ni gane ta. "An sakar wa likita kuɗin? Yaushe za mu kai shi?" Buhu ya yi ƙara a bayan babur. Raina bai taɓa ɓaci irin na lokacin ba.

Tartsatsi na kwance a tabarma. Ya sa aka miƙa masa kwalba ɗaya, ya juya ta a hankali, ya karanta jikinta. "Maƙwabci, duk shekarun da na yi ina sha, ban taɓa iya sayen wannan ba." Ya ajiye ta, sannan ya ce, "Su kuma manyan, wa zai auna musu tasu hantar?"

Na ce tasu a jirgi ake kai ta.

Saboda haka kada wanda ya ƙara ce mini an yi sama da faɗi da kuɗin iri. Sharri ne. An shuka shi, ni shaida ne, a cikin tumbin manya, an kuma ba shi ruwa sosai. Matar Tartsatsi ce kawai ba ta gane noman zamani ba, har yanzu tana tsaye a ƙofa da mayafinta.