Mutumin Kan Katanga

Idan ana lissafin manyan mutane a layinmu, da Baba Hatimi ake farawa, kuma shi da kansa yake fara lissafin don kada a samu kuskure. Shekara talatin da biyu ya yi yana akawu a wani ofishi. A faɗarsa, babu takardar da ta taɓa fita daga ginin nan ba ta bi ta gabansa ba. Wannan gaskiya ne, domin teburinsa a bakin ƙofa yake. Ranar da ya yi ritaya ya bar musu kujera da fanka, ya taho gida da wani hatimin roba mai rubutun "An Gani". Tun daga nan ba abin da ya tsira. Katin asibitin mai ɗakinsa, an gani. Littafin lissafin jikarsa, an gani. Ni ma na taɓa ba shi aron jarida, ta dawo mini an gani a wuri shida.

Ana nan sai labari ya zo cewa za a faɗaɗa titi, baɗi war haka rabin layinmu ya tafi. Wata malamar firamare da ke haya a bayan kemis ta ce kafin a watse, a tattara abin da mutane ke tunawa, mu yi wasan kwaikwayo da shi a filin makaranta, mu da kanmu. Ta shiga bi gida-gida tana ɗaukar muryar tsofaffi a wayarta. Dokarta biyu ce kacal. Labari ba ya shiga wasa sai mutum uku sun ba da shi, kowa a ɗakinsa, ba tare da ya ji na wani ba. Sannan ba a kiran sunan kowa, don kada a tashi daga wasa a zarce ofishin 'yan sanda.

Baba Hatimi ya yaba da wannan tsari ƙwarai, ya ce dama shi ya daɗe yana shirin kawo shi. Nan take ya naɗa kansa Babban Mai Ba Da Shawara Kan Tarihi, kuma bai samu mai ja da shi ba, don ba a wurin kowa ya nemi muƙamin ba.

Ranar da Malama ta je ɗaukar muryarsa, sau biyu wayarta tana mutuwa. Ya gyara gilashi ya ce, "'Yata, buɗe kunnenki. Shekarar babbar ambaliya, ruwa ya shiga ɗakuna har ƙugu. Mata na ihu, maza na kuka, ba mai tsari, ba mai kan gado. Mutum ɗaya ne tak ya tsaya da ƙafafunsa ya ceci layin nan. Ni ba na son yabon kai, saboda haka ba zan faɗi ko wane ne ba. Amma wanda zai fito a matsayina, ki tabbata dogo ne."

Ambaliyar nan kuwa kowa ya tuna ta. Mutum arba'in da ɗaya suka ba da labarinta, kuma bakinsu ɗaya. Kwalbatin bakin layi ne ya toshe. Inna mai wanki ta ɗaure zane tam, ta ɗauki rodi, ta shiga ruwa har wuya, ta yi ta soka har sharar ta ɓalle ruwa ya janye. Da aka tambayi Inna, abin da ta ce kawai shi ne, "Kayan mutane ne a igiya, na ga za su tafi, sai na shiga."

Sai dai duk arba'in da ɗayan sun ƙara wani abu. Wai akwai wani mutum a kan katanga, ya naɗe wando har gwiwa, da laima a hannu, yana ta kwarma wa ruwa da mutane ihu, "Ku yi layi! Ku yi layi!" Bayan ruwa ya tafi ma sai da aka kawo tsani, don ya kasa sauka. Malama ta sa masa suna a takarda: Mutumin Kan Katanga. Duk layin ya san ko wane ne. Mutum ɗaya ne bai sani ba.

Shi kuwa labarin dogon jarumi, shaidarsa ɗaya ce, kuma ta Baba ce da kansa. Saura biyu, in ba haka ba Baba Hatimi ba ya cikin tarihi, layi kuma ya kusa rushewa. Ya sa babbar riga ya fita neman shaidu.

Mai aski ya ce, "Wallahi Baba, ni ranar kujeru nake kwashewa, ban ɗaga kai sama ba."

Tela ya ce shi tun da ya fara shan maganin hawan jini ya daina tuna ruwan sama.

Ya koma gida ya tsare mai ɗakinsa tana tsintar shinkafa. Ta ce, "Malam, ai ni na riga na ba da nawa."

"Me kika ce?"

"Malama ta ce ba a faɗa."

Kashegari ya kai wa Malama takardun shaida guda uku, kowacce da hatimi. Ta juya su ta ce, "Baba, ai duka rubutunka ne."

Ya ce, "Sau uku na tuna."

Ta karɓa da hannu biyu, ta sa a jaka, ba su sake fitowa ba.

Aka fara gwaji. Jikar Inna ce ta fito a matsayin Inna, shuɗin labule ne ruwa, mai faci kuma shi ne Mutumin Kan Katanga, a kan tebura biyu da aka ɗora wa juna. Baba Hatimi ya zo da kujerarsa daga gida ya zauna a gaba, fuska a murtuke, yana jiran ya ga yadda wasa zai yi ba jarumi. Mai faci ya hau, ya ɗaga laima, ya ce ku yi layi kamar mai tallan da ba ya son a saya.

Baba ya miƙe. "Kai, sauko! Haka ake yin sakarai? Irin waɗannan mutanen ni na san su, shekara talatin da biyu ina zaune da su a ofis. Ba su iya komai ba sai ba da umarni. Ba ni laimar."

Ya naɗe wando. Ya cire takalmansa, ya ɗaure igiyoyinsu, ya rataya a wuya. Wannan ba ya cikin takardar Malama, don kowa ya manta da shi sai da muka gani. Ya hau, ya ware ƙafa, ya turo ciki gaba, ya nuna labule da laima ya kwarma, "Ku yi layi!"

Inna mai wanki, da ke zaune a inuwa da sandarta, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Sak."

Nan take mai faci ya rasa aiki. Baba ya ce ya karɓi rawar ne kawai don ceto wasan, tunda hassada ta hana a sa labarin jarumi, kuma ƙwarewa irin tasa baiwa ce, ba a koyon ta.

Ranar Asabar da la'asar filin makaranta ya cika har kan tagogi. Da jikar Inna ta ɗauki rodi ta nutse cikin labule, ba ka jin ko tari. Wasu tsofaffi suka fara share ido, Inna da kanta ta rufe fuska da mayafi. Sai aka ji daga sama, "Ku yi layi!" Tela, mai ciwon mantuwa, shi ya fara faɗowa daga benci. Mai ɗakin Baba ta cusa gefen gyale a baki, kafaɗunta na rawa. Aka yi ta tafi har sai da ya maimaita sau huɗu, yana rusunawa ta kowane ɓangare.

Da aka tashi ya ƙwace lasifika. "Jama'a, na gode. Amma abin kunya ne a ce layi mai daraja irin namu ya ɓoye irin wannan mutum shekara ashirin da bakwai. Mace tana cikin ruwa, shi yana kan katanga! Kafin a rushe layin nan sai an san ko wane ne." Ya kafa kwamitin bincike a nan take. Shi ne shugaba, shi ne sakatare.

Ya yi wa mutum tara tambayoyi. Jiya ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure da fayil a cinya.

Ya ce, "Maƙwabci, bincike ya nuna katangar da mutumin nan ya hau, ita ce wadda ta raba gidana da naka."

Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

"Ke nan gida biyu ne kawai ke da hanyar hawanta."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

Ya cire gilashi ya daɗe yana kallona, cike da tausayi. Ya rufe fayil a hankali.

Ya ce, "Ban taɓa zato ba. Amma je ka, saboda 'ya'yanka zan rufa maka asiri."

Na durƙusa na yi godiya.