Ba A Shiga Da Yara

Jama'a, yau da safe an hana ni shiga taron ci gaban ƙananan yara saboda na je da ƙaramar yarinya. Ku sake karantawa idan kuna so, ba kuskuren mai buga jarida ba ne. Ina tsaye a ƙofar otal, Auta a kafaɗata, a saman kanmu ga wani ƙaton allo mai hoton jariri yana dariya, mai gadi ya dube ni ya ce, "Baba, yi haƙuri, ba a shiga da yara. Manya suna tattaunawa."

Bari in koma baya kaɗan, kada ku ɗauka yawon otal na fara da girmana. Ni mai gyaran takalma ne, rumfata tana bakin titi, gidana ɗaki biyu a bayan layi. Auta ce ƙaramar 'yata. Shekararta biyu da rabi, kuma har yau ba ta ce "Baba" ba, ba ta ma ce komai ba. Na daɗe ina gaya wa uwarta gado ne, mu a gidanmu ba ma saurin magana. Tela maƙwabcina ya ji haka ya ce, "Kai ɗin? Kai da ko ƙusa ce a bakinka sai ka yi gulma ta gefe?" Ban kula shi ba, don shi tela bai san komai a kan gado ba.

Wata huɗu da suka wuce aka ƙaddamar da shirin ziyartar gidajen talakawa. Mun ji jawabin a rediyo. Za a riƙa turo malamai gida-gida su koya wa iyaye yadda ake buɗe wa yaro ƙwaƙwalwa tun yana goye. Kowace malama za ta samu babur da jaka cike da littattafan hoto. Abin da ya iso layinmu kuwa, mace ce guda, a ƙafa, da lema mai karyayyen ƙarfe. Sau biyu ina sake wa takalminta ƙasa, saboda haka ba sai an gaya mini nisan da take takawa ba. Babur ɗin an ce yana hanya. Motocin masu duba aikinta ne suka riga shi isowa, farare tas, da baƙin gilashi don kada Ranka-ya-daɗe ya hango abin da zai ɓata masa rai.

Da farko ban yi maraba da ita ba. Na ce me za ta koya wa matar da ta raini huɗu? Amma Malama ba ta da zuciya a kusa. Duk Talata sai ta cire takalmi, ta zauna a tabarma, ta ce da matata, "Maman Auta, in kina wanke-wanke ki riƙa gaya mata sunan abin da kika ɗauka. Ki bari tana ganin bakinki." Talata ta uku ta waiwayo kaina. "Baban Auta, kai ma zauna."

Na ce, "Malama, ina da aiki."

Ta ce, "Wannan ma aiki ne. Ɗauko buroshinka."

Haka na zauna da gemuna ina ɗaga kayan sana'a ɗaya bayan ɗaya ina cewa, "Buroshi. Zare. Gwangwani." Tela ya leƙo ta katanga, ya yi dariya har da tari. To amma yarinyar nan da a da ba ta ko kallona, sai ga ta tana hawa cinyata, ta ɗora ɗan yatsanta a leɓena tana bin motsinsa. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi mini daɗi. Na koma rufe rumfa da wuri duk Talata.

Wata rana Malama ta zagaya bayan Auta ta kira sunanta sau uku. Ba ta waiwayo ba. Na ce taurin kai ne, na wajen uwarta. Malama ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ba na son ɗaga muku hankali, amma a duba kunnenta. In aka gano da wuri akwai abin da ake yi. In aka yi ta jira, lokacin koyon magana ba ya jiran kowa." Likitan kunne sau ɗaya yake zuwa babban asibiti a wata, kuma 'yan shirin sai da takarda mai hatimi yake ganinsu. Ta cike takardar a gabanmu, ta ce za ta kai ofis a buga hatimi ta dawo da ita Talata.

Talata ta zo, babu Malama. Ta biyu, shiru. Ta uku matata ta ari waya ta kira, sai ga bayani. An kwashe duk malaman ziyara na yankin an zuba a otal, ana ba su horo na mako uku a kan muhimmancin ziyartar gida a kan kari ba tare da fashi ba. Ni dai na jinjina wa wanda ya yi wannan tunani. Irin wannan basira ba a rumfar takalmi ake samunta ba, sai mutum ya daɗe cikin sanyin ofis.

Gobe likitan zai zo. Shi ya sa yau matata ta tsaya a kaina tun ban gama wanke fuska ba. "Ka je ka karɓo takardar nan. Kuma ka tafi da ita, su gan ta da idonsu ko sa ji kunya."

Na ce, "Ke, yarinyar nan lafiyarta ƙalau."

Ta ce, "To likita ya faɗa. Kai takalmi ka sani."

Ga yadda aka yi na tsinci kaina a ƙofar otal. Mai gadin ba mugu ba ne, umarni aka ba shi. Da na yi masa bayani sai ya aika a kira Malama. Muka jira har aka fito shan shayi, sai ga Malama da rigar shirin da hula da kati rataye a wuya, da ƙyar na gane ta. Auta kuwa nan take ta gane, ta zame daga jikina ta ruga ta rungume ƙafafunta.

Na ce, "Malama, me kuka koya a mako uku?"

Ta sassauta murya. "Jiya an nuna mana yadda ake zama a tabarma. Da majigi."

Takardar tana cikin jakarta, babu hatimi. Hatimin yana hannun Mai Girma Babban Jagoran Shirin, kuma a motarsa yake ajiye shi don gudun kada wani ya yi aiki da shi ba bisa ƙa'ida ba. Ku ga riƙon amana. Shi kuwa yana cikin otal yana jawabi a kan cewa kowane yaro nasa ne. Malama ta ce mu tsaya, idan ya fito za ta tare shi. Wata jami'a mai rajista ta leƙo ta ce, "Malama, an koma zama, zan sa miki ba ki zo ba." Malama ta ce, "Sa mini." Ta tsuguna a gefen titi ta shiga nuna wa Auta hanci da baki.

Wajen azahar Mai Girma ya fito. Ni ban gan shi ba, gefen rigarsa kawai na hango tsakanin masu riƙe masa jaka har ya shige mota. Na ɗauki Auta, Malama ta ɗaga takarda sama ta nufi motar tana cewa, "Ranka ya daɗe! Hatimi kawai!" Gilashi bai sauka ba. Motar da ke gaban ayarinsa ta iso daidai ƙofa, taku uku daga inda nake tsaye, ta saki jiniya.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan kusa da ni ba. Na zabura, mai gadi ya toshe kunnuwa, wata mai sayar da lemo ta saki farantinta, tsuntsayen kan allo suka watse. Na sunkuya don in rarrashi Auta. Tana kwance a ƙirjina tana juya maɓallin rigata, ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Malama ta dube ni, na dube ta. Na buɗe baki in ce gado ne, maganar ta ƙi fita. Na zauna a bakin kwata, na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, na kuma ji kunyar matata da ta daɗe da sani. Hawaye suka zubo mini a gaban mai gadi, ban ko share ba.

Malama ta ninke takardar ta miƙo mini. "Gobe da sassafe ku same ni a ƙofar asibiti. Babu hatimi, amma ina da baki."

Na ce, "Ba gobe ne ake raba muku takardar shaida ba?"

Ta ce, "Su riƙe."

Saboda haka kada wani ya ce a cikin rubutun nan ban yi godiya ba. Abin da na yi wata da watanni ina ƙin gani, Mai Girma ya nuna mini shi cikin daƙiƙa guda, kyauta, ba tare da ya sauke gilashi ba. Idan likita ya tambaye ni gobe wa ya fara gwada kunnen yarinyar, gaskiya zan faɗa masa: manya ne, a kan hanyarsu ta zuwa cin abincin rana.