Ladan Ya Kawo Iskar Mushtari Aliero

"Ni Ladan, bana albasata ko ɗaya ba ta ruɓewa. Kowa shi riƙe maganag ga!"

Haka ya faɗa a teburin mai shayi a Aliero, ƙafa kan ƙafa. Kai dai ba ka san Ladan ba. In ya kalli guntun bidiyo a waya, sai ya tashi yana koya wa likita allura. Wannan karon na taurari ya kalla. Ya ji cewa manyan duniyoyin nan, Mushtari da Zuhal, tulin iska ne kawai: haidurojin da hiliyom, sai ɗan metan da amoniya.

Yayansa Ɗalha, wanda suka noma gonar tare, ya ce, "To mi ya haɗa ka da Mushtari?"

"Yaya, ka taɓa jin albasa ta ruɓe can?"

Gaskiya kam, Ɗalha bai taɓa ji ba.

Kowa a Aliero ya san a rudu ake jera albasa, wato rumfar kara, iska na ratsa ta. Ladan ya ce laifin ke nan, iskar duniya ce ke kashe ta. Albasarsu ta shekara tana cikin rudun, har da wadda suka ware ta iri. Ɗalha na tafiya biki Maiyama, gogan ya ɗaura ɗamara.

Ya je kemis a Jega ya ce a ba shi haidurojin, aka miƙo masa na wanke ciwo, ya yayyafa. Ya ji ana ɗura hiliyom a balan-balan, sai ya sayo balan-balan ya hura da bakinsa. Metan kuwa, ya ɗauko ɗanyen kashin shanu daga ƙauyen Sarandosa. Ya jiƙa takin yuriya a baho, amoniya ta samu. Ya cusa su duka cikin rudun, ya naɗe shi da leda, ya yaɓe da laka, ko sauro ba ya shiga.

Matarsa Talatu ta leƙo. "Malam, rudun ga kumbura shikai."

"Girma shikai. Mushtari ƙarama ta?"

Da kasuwa ta yi kyau, ya gayyato dillalan Jega da direbobi, ya sa babbar riga. Ɗalha, da tun dawowarsa yake roƙo a buɗe, ya tsaya gefe. Ladan ya yi bisimilla ya sari rudun da fartanya.

Fuuush!

Wayyo, aboki! Kaji suka watse. Wani dillali ya bar takalminsa. Baƙin ruwa ya malalo har ƙofar gida, balan-balan ɗaya na yawo a kai. Ladan, hula toshe a hanci, hawaye shaɓe-shaɓe, ya ce, "Jama'a ku tsaya! Warin ga alamar nasara ta!"

Ɗalha ya zura sanda ya juya, ya sake juyawa. Ko ƙwaya ɗaya babu. Wahalar ban ruwan rani ta tafi, irin baɗi ya tafi, abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya juyo a hankali.

"Ladan, mi ka ce ag ga Mushtari?"

"Iska zalla, Yaya."

"Babu albasa?"

"Babu."

"To, barka. Ka kwaikwaye ta sarai."