Kyaftin Mika'ilu a Ranar Su

Duk ƙasar Ɗanbatta babu wanda ya san teku kamar Mika'ilu. Mu a rediyo muke jin labarinta, shi kuwa ya yi gadin wani sito a Ikko, inda in ya hau katanga ya yi ɗage yakan hango ta. Daga can ya ga Turawa na kamun kifi cikin jirgi, ya haddace ilimin tsaf. Da ya dawo muka laƙaba masa Kyaftin, ya amsa har da gyara hula.

A shekarar farin nan ne, wadda gero ya ƙone tun bai fid da kai ba. Abin da ya rage wa ƙauyenmu shi ne tafkin bayan gari, inda ake su, wato kamun kifin gayya, sau ɗaya a shekara. Kowane gida kan tura namiji da koma, abin da ya kama shi ne miyar gidan har damina. Matar Kyaftin, Furera, wadda 'ya'yanta suka gaji da rama ba ƙuli, ta aro masa koma. Ya dube ta da tausayi.

"Ni in shiga taɓo? Furera, da ilimi ake kama kifi. Akwai wani kifi mai faɗi kamar faifai, idonsa biyu a gefe guda, kwance yake a yashi. Darma za ki ɗaura wa ƙugiya, ki yi mata ado da gashi, ki sake ta har ta taɓa ƙasa. Ki ɗaga, ki saki, ki ɗaga, ki saki. Da kansa zai zo gaisuwa."

Darmar ta tsohon batir ce. Gashin kuwa daga jelar kazar Furera ya fizgo, kazar ta yini tana yawo tsirara.

Ranar su, maza suka tuɓe riguna suka afka ruwa. Kyaftin ya iso da farar riga da gorarsa mai zare da ƙugiya, ɗauke da daron wankin matarsa, don a cewarsa wannan kamu ba ya yiwuwa sai jirgi na tafiya. Ruwan bai kai gwiwa ba. Daron ya zauna daram a taɓo, Kyaftin na ciki yana ɗagawa yana saki, yana yi wa masu koma tsawa.

"Ku yi a hankali, jahilai, kuna firgita min kifi!"

Can zaren ya yi nauyi. Ya kwarma ihu cewa a zo a ga ilimi, ya ja da ƙarfi. Sai ga maƙwabcinsa Hadi ya taho da baya-baya, riƙe da wandonsa yana salati.

Kafin la'asar an kwashe tafkin tas. Kowa ya fito da tarwaɗa a buhu, Kyaftin bai kama ko talibamban ba. Gaskiya a nan dariyata ta tsaya, don na ga idon Furera.

Masu kamu suka ware wani kaso gaban mai unguwa domin matan da mazansu suka rasu. Furera ta gyara mayafi ta shiga layinsu.

"Haba Furera," in ji mai unguwa, "ai mijinki na raye."

"Ranka ya daɗe, ga shi can, ka duba."

Mai unguwa ya waiwaya. Kyaftin na nan cikin daro a tsakiyar taɓo, yana ɗagawa yana saki. Dattijon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juyo ga mai rabo.

"A ba ta, Allah ya ba ta haƙurin rashi."