Gawar Da Ta Yi Atishawa

A shekarun da kaset ɗin bidiyo ya cika Diffa, Muhsinu da abokinsa Lurwanu mai ɗaukar hoton biki suka ce su ma sai sun yi nasu fim, kuma na ban tsoro. A bakin Komadugu suka ɗauka, bayan gonakin tattasai, Muhsinu ne ya fito a dodon ruwa. Aka nuna a gidan kallo, aka kuma nuna wa mata a wani suna, gari ya ɗauki maganar. Wata rana da hantsi sai ga Muhsinu da jaka a kafaɗa a gidan kakarsa Ya Fanna, wadda ta rene shi tun rasuwar uwarsa. Ya same ta a tabarma tana tsintar shinkafa.

"...da gajiya kuma? Tsohuwa, ashe har yanzu kina nan?"

"Wushe, wushe, sannu da zuwa, mijin banza. Ina zan je in bar ka kana zubar min da mutunci a gari? Zauna daga nesa, kada ƙahon ya soke ni."

"Ke ma kin gani ke nan?"

"A sunan jikar ƙawata Kande. An kawo tele, an tada injin wuta, aka ce mai ciwon zuciya ta fita. Ni da hankalina har na ɗaura laya a hannu. Ashe maganin ciwon ciki ya kamata in riƙo, don dariya."

"Idonki ne bai gani. Ke da kike gaida turmi kina zaton baƙuwa ce."

"Idon nan ne ya ga ƙahonka na hagu ya faɗi, ka duƙa ka ɗauka ka kakkaɓe. Wane dodo ne yake kakkaɓe ƙaho? Kande ta ce ita tausayi ka ba ta, wai kamar mijinta ranar da ya faɗo daga jaki."

"Kande ba ta san sinima ba. Rabonta da fita ƙofar gida tun tana da haƙora."

"To, Alkali fa? Masunci ne, daga Bosso ya zo da kifi, ya shiga gidan kallo. Ya ce wurin da kuka nutsar da mutum, ruwan ko gwiwar akuya bai kai ba. Wai mutumin durƙusawa ya yi yana ihu, da ya miƙe tsaye da ya tsira."

"Rani ne! Ni zan cika kogi?"

"Ai dodo ne kai. Mahautan kasuwa kuma sun ce mutumin kirki ne dodon, don da aka ji ladan ya kira La'asar a bayan hoton, sai ka duba agogon hannunka."

"Mantawa na yi ban cire ba."

"Duk wannan mai sauƙi ne. Zo mu yi zancen gawa. Wace uwa ce ta haifi wanda ya ce a shafa wa Fannami, wanda ya fito a gawar, tattasai a fuska?"

"Jini muke nema. Shi ne jan abin da ke kusa, kuma kyauta ne."

"Ɗan mutane yana kwance ya mutu, matarsa tana kuka a kansa, sai ga gawa: attishaa! Ta goge hanci, ta koma ta sake mutuwa. Wallahi ƙawarmu Baturiya, don dariya, sai da aka yayyafa mata ruwa. Ta ce a mayar baya, aka mayar, ta sake faɗuwa."

"Kaset ɗinmu ɗaya ne, batir kuma ya kusa mutuwa. Ba halin sakewa."

"Batir ɗin kaɗai ne ya mutu da gaske a fim ɗin nan."

Muhsinu bai yi dariya ba. Ya sauke jakar ya ɗora a cinya, yana wasa da igiyarta. Sai lokacin Ya Fanna ta dube ta sosai.

"Wannan fa? Ko kayan sakina ka kawo?"

"Sallama na zo yi. Maiduguri zan tafi, wurin Kawu Mamman Sani, in koyi gyaran mota. Na gaji, Ya Fanna. In na bi ta kasuwa atishawa ake yi min daga wannan rumfa zuwa waccan. Jiya har a masallaci wani ya yi, sahu ya lalace."

"Sai ka ce masa yarhamukallahu ka wuce. A kan atishawa za ka bar matarka?"

"Matar da ke gaban masu dariya? Can zan samo sabuwa, mai haƙora a baki."

"Wa za ta ɗauke ka? Ni ma don na saba ne."

Ta ture faifan shinkafar gefe, ta karkaɗe hannu.

"Akwai wurin da ba wadda ta yi dariya," in ji ta. "Wurin goran nan."

"Wane gora?"

"Wanda ake hawa a haye kogi. Mutum ya hau ya tafi, sai aka nuna ruwa shiru, can ga gora yana dawowa shi kaɗai yana juyawa. Ba dodo, ba ihu. Wa ya shirya wannan?"

"Ni. Lurwanu ya so ya yanke, ya ce ba komai a ciki. Sai da muka yi faɗa."

"Lurwanu jaki ne. Haka goran ƙanena Abbakar ya dawo, shekarar da ruwa ya cinye gonaki. Ina bakin gaɓa da ƙwaryar furarsa. Kai ba ka san shi ba, uwarka ma tana goye." Ta gyara ɗankwali. "Da aka zo wurin, tsakar gidan Kande ya yi tsit. 'Yan mata suna waige-waige ba su gane ba, amma duk wata tsohuwa da ke nan ta san wani da goransa ya dawo. Kande ta kama hannuna har ya yi shaida."

Muhsinu ya saki igiyar jakar.

"Ba ki taɓa gaya min ba."

"Ba ka taɓa tambaya ba. Ci kawai ka sani."

"To kin ji tsoro ke nan."

"Wa? Ni?"

"Ke. Yanzu kika faɗa da bakinki."

"Na ce hannuna aka kama."

"Ke kuma kika kama na wa?"

"Na Baturiya, amma don kada ta gudu ne." Ta harare shi. "To, na ji. Gabana ya faɗi, kwana na yi ina salati. Sai me? Wanda ya iya wannan, in ya bar shirme da ƙahon rago, zai iya sauran. Ka je Maiduguri ka kwanta ƙarƙashin mota, wa zai tsorata mu?"

"'Yan kasuwar fa?"

"Su da suka koma kallo har aljihunsu ya bushe? Mai gidan kallo sabon rawani ya saya. Kai jakar nan ciki, tana tsone min ido."

Ya miƙe ya jefa jakar ɗakinta, ya dawo ya zauna a bakin tabarmar, ya jawo faifan gabansa yana tsinta.

"In za mu yi wani, sai dai ki fito a ciki. Muna neman mayya. Ke ko gawayi ba sai an shafa miki ba."

"Kanka ɗaya? Ni, Fanna, da aka yi dambe a kaina tun daga nan har Baroua? In dai zan fito, amarya zan fito. Da lalle, da turare, a buɗe min fuska a gaban ango."

"Alhamdu lillahi," in ji Muhsinu. "Mun samu fim ɗin ban tsoro."

Ya Fanna ta ɗaga mafici za ta kwaɗa masa, dariya ta ƙwace mata har da tari. Da ta lafa sai ta kai hannu bayanta, ta jawo kwano, ta zaro ƙaton kifi banda ta dangwara masa a cinya.

"Ungo, ɗan banza. Ka ci ni yau."