Ranar Da Na Zaɓi Giyar Hannu

Ba zan taɓa mantawa da ranar kai ƙanwata Rahina ɗakinta ba, kuma ko na so mantawa, mutanen unguwarmu ta Nima ba za su bar ni ba.

Ni malamin makaranta ne, motar da nake shiga kullum torotoro ce, wato bas ɗin haya. Amma a wurin shan shayinmu, idan aka ɗauko zancen mota, kowa shiru yake yi ya saurare ni, domin na karance mujallun motoci tsaf. (Tuƙin kuwa a wata tsohuwar tasi na koya, a filin ƙwallo, inda babu tudu babu mutum sai awaki.) Huɗubata ɗaya ce: atomatik ta ragwaye ce da matan Alhazai, namiji giyar hannu yake ja.

Ɗan kawunmu Bashiru, wanda ke zaune a Jamus, ya zo bikin da motocin tsere biyu da ya fito da su daga tashar jiragen ruwa ta Tema, masu ƙofa bibbiyu, cikinsu kamar zai shafi ƙasa. Fara atomatik, ja mai giyar hannu. Ya ce in zaɓi wadda zan ɗauki amarya a ciki zuwa gidan mijinta a unguwar Maamobi.

"Ticha, ɗauki farar," in ji shi. "Jar nan kulocinta tauri gare shi, kuma ka san yadda kai amarya yake."

A gaban abokaina ya faɗa. Na yi murmushin da nake wa ɗalibin da ya kasa jimla, na ce, "A bar wa Hajiya Saude farar." Matarsa ke nan. Tana tsaye, ta ji.

Abin da mujallun ba su rubuta ba shi ne, a Zango, unguwanninmu na Hausawa, ba a gudu da amarya. Mata ne ke gaba a ƙasa suna waƙa, makaɗa na biye, mota kuma ta bi sawunsu. Motar da aka ƙera don ta tsere wa iska, ga ta tana bin takun Gwaggo Azumi mai ciwon gwiwa. Inna ta riƙe hannuna ta taga, ta ce, "Ka kai min ita da mutunci, dangin miji na kallo." Na ce ta kwantar da hankalinta.

Tun kafin mu fita layinmu motar ta mutu. Na tayar, ta yi ruri, mata suka watse, mai kalangu ya tsallake kwata. Ta sake mutuwa a gaban masallaci, ta sake a gaban mai sayar da waake, shinkafa da waken nan namu. Hannun babbar rigata ya naɗe kan giyar, sai na lalubo ta kamar mai neman allura a tabarma. Wata tsohuwa daga dangin miji, da muka cusa a kujerar baya gwiwoyinta a haɓa, ta shaƙi iska ta ce, "Wa ya bar shinkafa a wuta?" Kulocin Bashiru ne ke ƙonewa.

Rahina na gefena a lulluɓe, kafaɗunta na girgiza. Na ce, "Yi haƙuri, kowace mace da haka ta bar gida."

Sai muka iso hawan nan na shiga Maamobi, mata suka tsaya cak don su yi guɗa. Na taka birki. Da suka ci gaba, na ɗaga ƙafa don in taka totur, kamar yadda littafi ya ce. Motar ta yi tunani kaɗan, ta yanke shawarar komawa Nima. A bayanmu kuwa akwai aboboya, keken kaya mai ƙafa uku, shaƙe da tukwane da kwanukan amarya. Ƙarar da ta biyo baya ta fi ta makaɗa. Murafai suka gangara kowanne da hanyarsa, wata babbar tukunya ta nufi kwata a natse, dangin miji na tsaye a bakin ƙofar gidansu a saman tudun suna lissafa abin da aka kawo musu tun kafin ya iso.

A nan mayafin Rahina ya zame. Ashe tun daga masallaci dariya take yi.

Farar motar ta matso a hankali ta tsaya daidai tagata, a kan tudun, ko motsi ba ta yi ba. Hajiya Saude ce, da dogon takalmi, hannu ɗaya a sitiyari.

"Ticha," ta ce, "a ba matan Alhazai amarya, ko maza na da sauran aiki?"

Ita ta kai Rahina da mutuncin da Inna ta roƙa. Ni na iso daga baya a ƙasa, rungume da tukunyar da na ciro daga kwata. Inna ba ta yi faɗa ba, ta dai ce wa baƙi, "Wannan shi ne mai karatun."

Har yau ina nan a kan bakata cewa giyar hannu ta fi daɗi. Sai dai yanzu nakan faɗi haka ne a kujerar bayan torotoro, a hankali, bayan na duba babu wanda ya je bikin.